Bindigar da ba ta taɓa tashi ba

Wani abokina likita, wanda aiki ya zaunar da shi a Amurka tun muna da sauran baƙin gashi, ya turo mini hoton wani dogon ƙunshi a kan teburin cin abincinsa. Takarda ce ruwan ƙasa, maiƙo ya ɓullo mata nan da can, tsawon abin ya haura kamu biyu. Na kira shi na ce, "Likita, wane masoyin naka ne ya aiko maka da kilishi haka, kamar za ka buɗe shago?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, bindiga ce. Ta wani dattijo ce maƙwabcina da ya mutu, iyalinsa suka sayar mini. Tun 1955 take cikin takardar nan, shi kansa bai taɓa ganin ta ido da ido ba. Shawara nake nema. In kwance ta in tafi filin harbi, ko in bar ta yadda na same ta?"

Na ce ya ba ni mako guda.

Na san akwai mai karatu a Zurmi ko Birnin Gwari ko Sabon Birni da zai ji ɗacin wannan zance, ya ce mu da ƙarar bindiga ta raba da gonakinmu, wani yana can yana shawarar ko ya harba tasa don nishaɗi. Yana da gaskiya, ba kuwa zan tsaya lallashinsa ba. Zancen na wata ƙasa ne mai wata doka, inda tsohuwar bindigar soja ta zama kayan tarihi, ana tara ta kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Sai dai gundarin tambayar mun san shi a nan gida. Duk wanda ya taɓa gadar alkyabbar kakansa ko littafin da aka rubuta da hannu ya tsaya a inda Likita ya tsaya: in ya yi amfani da abin yana cinye shi, in ya kulle shi a akwati kuma kamar ya binne shi ne.

Abin da ke cikin takardar Likita sananne ne. Lee-Enfield ce, samfurin da ake kira No. 4 Mk 2, ƙirar masana'antar gwamnatin Ingila da ke unguwar Fazakerley a Liverpool. Zuriyar wannan bindiga ta shiga hannun sojan Ingila a 1895, kuma an ƙera kimanin miliyan 17 a Ingila da Indiya da Ostireliya da Kanada da Amurka da Pakistan. Tana cin harsashi 10 mai lamba .303, ana ja mata sakata da hannu bayan kowane harbi. Mu ma mun san ta, ita ce doguwar nan mai katako da 'yan sandanmu suka daɗe suna ratayawa, wadda ake ce wa Mak-fo. Waɗanda aka ƙera a tsakiyar shekarun 1950 sun zo ne an tashi daga kasuwa. Rundunar Ingila ta riga ta yanke shawarar komawa ga L1A1, mai ɗura wa kanta harsashi. Don haka sababbi fil aka lafta musu giris, aka naɗe su da takarda mai maiƙo, aka rubuta lambar kowace a bayan ƙunshinta, aka jibge a sito. Sai bayan kusan shekara 40 'yan kasuwa suka kwashe su zuwa Amurka. Tun daga ranar masu tara bindigogi suke gardama a kansu, kuma kasuwa na da nata hukuncin: wadda aka kwance kuɗinta ya faɗi nan take, waɗanda suka rage a naɗe kuma darajarsu ta ɗan ɗaga, tun da sun ragu da ɗaya.

Masu cewa a harba suna da hujja mai ƙarfi, kuma a yawancin lokuta ni ma wajensu nake. Akwai ilimin da ba ya zama a takarda. Kana iya karanta cewa sakatar Lee-Enfield tafiyarta gajera ce, cewa hannunta yana faɗowa daidai bayan kunama, cewa tana ɗana kanta ne lokacin da kake tura ta gaba, kuma saboda haka ne kafin yaƙin 1914 ake buƙatar sojan Ingila ya saki harbi 15 masu saiti cikin minti ɗaya. Duk wannan labari ne har sai hannunka ya ja sakatar, ka ji yadda take sulɓi, sannan za ka gane abin da maƙeran suka nufa. Algaitar da ke cikin akwatin gilashi ice ne da ƙarfe kawai. 'Yan bindigar sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan salla su ne suka riƙe mana sanin yadda ake auna albarushi da yadda ake danna shi, da an kwashe bindigoginsu an jera a gidan tarihi, da wannan sani ya bi tsofaffi kabari. Turawa ma sun fahimci haka. A filin harbi na Bisley a Ingila, wanda ke aiki tun 1890, har yau ana shirya gasa ta tsofaffin bindigogin soja, haka ma a Camp Perry da ke jihar Ohio, inda ake haɗuwa da M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu.

Kuma waɗannan bindigogi ba ƙwai ba ne. Dakarun Rangers masu sintiri a arewacin Kanada, inda sanyi ke daskarar da man inji, sun riƙe No. 4 tun 1947, ba a fara sauya musu ita ba sai wajen 2018, shi ma don kayan gyaranta sun yi wuyar samu. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh a Indiya sai ranar 26 ga Janairu 2020 suka yi faretin sallama da tasu .303. Abin da ya jure hannun kurata shekara 70 ba harsashi 20 na ranar Asabar ne zai kashe shi ba.

To mene ne harbi ke ci a jikin bindiga? Bututun irin wannan yakan ɗauki dubban harsasai kafin saitinsa ya fara lalacewa. Abin da ya kashe mafi yawan tsofaffin bututu shi ne tsohon harsashi haɗe da lalaci. 'Yar hular da ke gindin harsashin soja na da, wadda ke kunna albarushi, tana barin wani gishiri a cikin bututun. Gishirin ya jawo laima, cikin 'yan kwanaki tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da shi, ruwa ne ke wanke shi, shi ya sa sojan Ingila ke ɗura tafasasshen ruwa ta mazurari bayan harbi. Albarushinsu na cordite kuma zafinsa ya yi yawa, yana cin maƙogwaron bututun a hankali. Wanda ya yi amfani da harsashin zamani, ya goge bindigarsa a ranar, ɓarnar da zai yi a shekara ba ta taka kara ta karya ba.

Inda haɗarin yake shi ne katako da lamba. A irin waɗannan bindigogi lamba ɗaya ake bugawa a uwar jiki da sakata, sau da yawa har da gidan harsashi da katakon gaba. Masu tarawa suna biyan kuɗi ne a kan cewa duk lambobin sun dace, wato bindigar tana nan da gaɓoɓin da aka haife ta da su. Katakon da ya shekara 80 ya bushe, bugun harbi na iya tsaga shi. Za ka samu wani ka sa, bindigar ta ci gaba da aiki, amma lambar nan ta tafi ke nan.

Akwai kuma waɗanda harba su ganganci ne ko da ba su da wata daraja. A masana'antar Springfield ta gwamnatin Amurka, kafin 1918, da ido ma'aikata ke auna zafin ƙarfe, kamar yadda maƙerinmu ke duban jan ƙarfe a wuta. Ranar da hasken rana ya cika ɗakin sai ido ya yaudare su, su bar ƙarfen ya wuce kima, ya ƙone ya yi gautsi. Wasu bindigogin samfurin 1903 sun fashe a hannun masu su. Har yau CMP, hukumar da ke sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin sojan Amurka, tana gargaɗin kada a harba wadda lambarta ba ta kai 800,000 ba in ƙirar Springfield ce, ko 285,507 in ta masana'antar Rock Island ce. A cikin Lee-Enfield ma akwai masu tambarin DP, waɗanda soja suka cire daga aiki suka bar wa fareti kawai. Tsohuwar bindiga kowace iri, maƙerin bindiga ne zai fara duba ta kafin kafaɗa.

Amma in za a yi ƙidayar tsofaffin bindigogin da suka lalace a hannun masu su, harbi ba zai zo na farko ba. Sanfefa ce za ta zo. Bayan yaƙin duniya na biyu an zubar da rarar bindigogin soja a kasuwar Amurka da araha, har ta gidan waya ake aika wa mutum. Maharba suka saya, suka ga katakon ya yi musu nauyi suka datse, suka huda ƙarfen suka ɗaura madubin hange, suka kankare tsohon launi suka shafa mai ƙyalli. A ganinsu gyara suka yi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, don a jikin katakon da suka kankare ne tarihin yake: hatimin mai duba aiki, alamar kibiya ta mallakar gwamnatin Ingila, lambar rundunar da ta riƙe ta, tabon inda ta bugu da dutse. Harsashi dubu bai iya goge ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma mutum mai kyakkyawar niyya da sanfefa yakan gama da su kafin la'asar. Ba na yi wa Amurkawa dariya a nan. Mu da muka rushe ƙofofin ganuwar Kano na ƙasa muka sake tayar da su da siminti, muka ce mun gyara, ba mu da bakin magana.

Saboda haka ni ban ɗauki tambayar a matsayin ta harbi ko rashin harbi kawai ba. Abin da nake fara tambaya shi ne, wannan abu kayan aiki ne da ya tsufa, ko kuwa mai shaida ne? Bari in ba da labarin da ya koya mini bambancin.

A watan Nuwamba 2014 wata masaniyar binciken kayan tarihi, Eva Jensen, tana zagaye da abokan aikinta a gandun dajin Great Basin da ke jihar Nevada, sai suka hangi bindiga jingine da wata bishiya. Winchester ce samfurin 1873. Katakonta ya yi fari ya tsattsage, ƙarfen ya yi tsatsa har ya saje da ɓawon bishiyar, gindinta ya nutse cikin ƙasa. Da aka bi lambarta sai aka ga a 1882 aka ƙera ta. A zamaninta bindiga ce ta kowa da kowa, dala 25 ake sayar da ita, an kuma ƙera irinta sama da 700,000. Wani ya jingine ta ya tafi, bai dawo ba. Aka kai ta gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming. Can akwai ƙwararrun da za su iya mayar da ita kamar sabuwa, amma ba su yi ba. Sun shafa wa katakon wani ɗanko mai laushi don ya daina zubewa, suka tsayar da tsatsar inda take, suka ɗauki hoton cikinta da na'urar asibiti, inda suka gano harsashi ɗaya ɓoye a ramin gindinta. Shi ke nan. A 2016 gobarar daji ta cinye yankin da aka tsince ta.

Dubban Winchester irin wannan suna hannun mutane, wasu ana harba su, kuma ba laifi. Wannan ɗaya kuwa tsatsarta ce dukiyarta. Kowane tsagi a katakonta lissafin damina da hunturu ne da ta yi a tsaye. In ka goge ta ka samu bindiga ta dala 25, ka rasa labarin. Muna da irinta a gida. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas da hujojin harsashinta. Mota don tafiya aka yi ta, haka ne. Amma wanda zai ce a kai ta wurin mai gyaran jiki a toshe hujojin, a yi mata fenti, a zuba mata mai a zaga gari, kowa ya san ba shi da hankali. Mai shaida ba a canja masa magana.

Da wannan ma'auni yawancin shari'o'in suna da sauƙi. Bindigar da aka ƙera miliyoyinta, ta sha hannu, an taɓa canja mata gaɓa a ma'ajiyar soja, ba a san wanda ya riƙe ta ba: a duba lafiyarta, a harba, a goge, a ajiye. Wadda aka san mai ita da ranar da ta yi abin da ta yi, ko samfurin gwaji da 'yan ƙalilan suka rage, ko irin waɗanda ake bugawa hatimi a ajiye don su zama ma'aunin sauran, kamar tarin da yanzu ke hannun Royal Armouries a Leeds: waɗannan hannu ma da safa ake taɓa su.

Ƙunshin Likita ne ya ƙi shiga ko ɗaya. Bindigar ciki ba ta da labari ko kaɗan. Ba ta je yaƙi ba, ba ta yi gadi ba, ba ta ko yi fareti ba. Darajarta duka ita ce ba abin da ya taɓa faruwa da ita. Tana tuna mini da kwanukan jere na ɗakin iyayenmu mata, tasoshi da kwalla da aka gina har kusa da rufi, waɗanda ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba, ana dai sauke su a wanke a mayar. Amma ko jere ana ganinsa, yana ƙawata ɗaki, baƙuwa ta shigo ta yaba. Wannan kuwa mai ita bai san launin katakonta ba. Ba shi da tabbacin laima ba ta sami wata kafa ta shiga ba. Cinikin biri a sama ne ake ta miƙawa daga hannu zuwa hannu, kowa na biyan fiye da na baya don takardar da bai buɗe ba. Kwana uku na farko ina tare da masu cewa a yage ta kawai, abin ya yi kama da bautar kuɗi.

Abin da ya juya ni lissafi ne mai sauƙi. Na tambayi kaina, me Likita zai samu in ya kwance, wanda ba zai samu a wani wuri ba? Harbin No. 4 Mk 2 mai sabon bututu? 'Yan'uwanta da aka riga aka kwance suna nan da yawa a kasuwa, har sun fi araha, kuma bugunsu a kafaɗa ɗaya ne. Me kuma zai ɓata? Abin da ba mai iya sake yi. Masana'antar Fazakerley ta daina wannan aiki tuntuni. Naɗin nan, da irin giris ɗin, da rubutun lambar, aikin hannun wani ma'aikaci ne a ƙarshen zamanin bindigar da ta yi wa daular Ingila hidima shekara 60. Ashe takardar ce mai shaida, ƙaramar shaida ce amma shaida ce, bindigar ciki kuwa rakiya ta yi. Yage ta aikin minti goma ne, kuma wanda ya yage ya yanke hukunci a madadin duk waɗanda za su riƙe ta bayansa. Idan abu biyu suna gabanka, ɗaya kana iya yin sa gobe ko baɗi, ɗayan kuma in ka yi ba komawa, ban ga dalilin gaggawa ba.

Na yarda cewa wannan matsayi yana da wari. Yana mayar da mai abu ya zama mai gadi. Yana kuma yi wa dillalai daɗi, su da kowane ƙunshi da ya tsira ke ƙara musu riba. Kuma da a ce wannan ce kaɗai irinta da ta rage a duniya, ba wanda ya san yadda take a ciki, da na ce a kwance ta a gaban masana a rubuta komai. Yawan 'yan'uwanta da aka buɗe ne ya sa barin wannan a rufe bai hana kowa sanin komai ba.

Da mako ya cika na kira shi na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka yi bayani, amma ba ka tambaye ni abin da ya sa nake son harbawa ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Likita. Faɗa mini."

Ya ce, "Kakana ya je yaƙin Bama. Ina yaro yana ba mu labari, ni kuwa hankalina na wajen ƙwallo. Yanzu ba shi, ba kuma wanda zan tambaya. So nake in ji abin da kafaɗarsa ta ji."

A nan na gane mako guda na yi ina amsa tambayar da ba ita ce a ransa ba. Mutanen da yake magana a kansu sananni ne, ko da yake mun yi sakaci da su. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Nijeriya suka fi yawa a cikinsu, su ne suka ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan suna fafatawa da Japanawa a 1944 da 1945, inda mota ba ta shiga, kaya a ka. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Sunayen wuraren da suka zubar da jini da na dakarun da suka shiga suna nan a allunan barikokinmu, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Myohaung a Legas, muna wucewa kullum ba mu tambaya. Kuma Lee-Enfield ce a kafaɗarsu.

Na ce masa, "To ai ka ƙara mini hujja. Wannan ta cikin takarda an ƙera ta ne shekara 10 bayan an gama yaƙin. Ba ta san Bama ba, ba ta san kakanka ba. In abin da tsoho ya ji kake nema, nemi wadda aka ƙera lokacin yaƙin, mai tabo, wadda gumin mutane ya baƙanta wa katako. Suna nan birjik, kuma ba ka da abin da za ka ɓata a jikinta wanda soja ba su riga ka ba."

Wanda ke gida Nijeriya kuwa, doka ta riga ta raba masa gardama. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin jerin haramtattu, waɗanda ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Wanda ya tsinci irinta a rufin ɗakin kakansa ba shi da zaɓin zuwa filin harbi, hanyarsa ita ce ya sanar da hukuma. Ko bindigar toka ce ta gado, a yi hattara, tana iya shekara da shekaru da ɗurinta a ciki, albarushin kuma bai mutu ba. Abin da nake ganin ya kamata a samu shi ne hanyar da irin waɗannan, in suna da tarihi, za su ƙare a Gidan Makama ko Arewa House ko hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, an kashe musu baki, da sunan wanda ya riƙe su da inda ya je rubuce a gefe. Ƙarfen ba shi ne ke saurin ɓacewa a wurinmu ba. Mazan jiyan da suka san labarin ne suka ƙare ɗaya bayan ɗaya ba mu ɗauki muryarsu ba.

Bayan wata biyu Likita ya sake turo hoto. Wannan karon bindiga ce tsirara, tsohon samfuri, ƙirar Ishapore ta Indiya, 1943 a buge a jikinta. Katakon ya yi baƙi kamar tukunya, ga kusar nan da Indiyawa ke sokawa a katakon gaba don kada ya tsage, farantin tagullar gindinta duk ya lotse. Ya ce ya kai wa maƙerin bindiga ya auna ta, ya ce lafiyarta ƙalau. Ƙunshin kuwa yana saman kabad, uwargida na ƙorafin warin giris.

Na ce, "Ka harba?"

Ya ce, "Goma. Na cika ta sau ɗaya na juye."

"Yaya ka ji?"

Ya yi shiru kaɗan. Ya ce, "Kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo. Kilo huɗu ce, Malam, na ɗora ta a sikeli. Ni daga mota zuwa rumfar harbi kawai na ɗauke ta, da abin toshe kunne, da ruwan sanyi a gefe. Tsohon nan bai kai ni jiki ba. Kuma a duk labaran da ya ba mu, ban tuna ya taɓa ambatar nauyinta ba, kullum zancensa ruwan sama ne da matsattsaku."